Kumburin ido da mutuwar damtse: yadda sankarar hanci ta yi mana shigar burtu har wata biyar

Wannan lamarin wata baiwar Allah ce da muka yi jinya a asibitin da nake aiki nan Jidda, ni likitar ɓangaren cututtukan cikin jiki ce, batiniyya kamar yadda ake cewa a nan. Sai da na nemi izininta da na mahaifiyarta kafin na rubuta, kuma ba zan kama suna ba, Uwar Biyu zan dinga ce mata tunda haka 'yan gidansu ke kiranta, tagwaye mata gare ta. Shekararta 34, Bahaushiya ce haihuwar nan, kakanninta ne suka taso daga ƙasar Katsina suka bi ta Sudan suka zo sauke farali suka yi zamansu. Sana'arta kitso da ƙunshi, kuma ku riƙe wannan don sau biyu sana'ar tana ɓatar da mu.

Abin ya fara ne da kumburin fatar ido, na hagu tukuna sannan na dama, irin kumburin da za ka ce kuka ta kwana tana yi. Ita ta ɗauka baƙin lallen da take haɗawa ne ya taɓa mata ido, ta je mustausaf, wato ƙaramin asibitin unguwa, aka ba ta maganin ƙaiƙayi da na ɗigawa, bai yi komai ba. Bayan kamar sati uku sai hannu ya shiga, ta ce in ta ɗora hannu a kan mai kitso kafin ta gama layi uku damtsen ya mutu sai ta sauke ta huta, ita da a da take kitse kai huɗu a wuni. Daga nan sai cinyoyi, in ta yi sujada sai ta dafa bango take miƙewa, ga shi tun rusau ɗin 2022 da ya tashe su daga unguwar Sabil suna zaune ne a hawa na uku gidan da ba lif, har ta kai sai ta zauna sau biyu a kan matakala kafin ta isa ƙofarsu. Da yamma kuma jiki ya ɗau zafi, da asuba ya sauka. Inna, mahaifiyarta, ta yi nata ƙoƙarin, an yi ƙaho, an yi ruƙiyya, habbatus sauda da zuma da zamzam ba wanda ba a sha ba, kuma ni ban ga laifinta ba, duk uwar da ta ga 'yarta mai ƙarfi tana narkewa haka sai ta yi tunanin ko jifa ne.

Kwanciyar farko ba ni na karɓe ta ba, a fayil na karanta. An auna sinadarin CK, wanda yake tsiyayowa cikin jini in tsoka tana lalacewa, aka samu ya ninka na lafiya kusan sau goma. Hoton MRI na cinya ya nuna kumburi cikin tsoka. Kewayen idon ya yi duhu, bayan yatsunta ya yi kaushi. Toh duk likitan da ya haɗa waɗannan zai ce damatomayosaitis, kuma wallahi da ni ce a ranar haka zan rubuta.

Damatomayosaitis cuta ce da garkuwar jikin mutum ke juyowa kansa ta afka wa fata da tsoka, musamman tsokar kafaɗa da ƙugu da cinya, shi ya sa alamarta ta farko ita ce kasa taje kai da kasa tashi daga zaune. A littafi alamominta na fata guda biyu ne manya: fatar ido ta yi launin shuni-shuni mai ja tare da kumburi, sai ƙuraje masu faɗi a kan gaɓoɓin yatsu da ake kira alamar Gottron. Matsalar ita ce hotunan littattafan da aka koyar da mu kusan duk na fararen fata ne. A fatarmu wannan launin ba ya fitowa, duhu kawai za ka gani, kuma duhun kewayen ido ai ko rashin barci da man bilicin suna kawo shi. Hannun mai ƙunshi kuwa kullum a rine yake da kaushi. Kenan alamomin fatar da aka dogara da su, in za a faɗi gaskiya, zato ne ya fi yawa a ciki.

An yi tunanin baƙin lallen shi ma kuma tunani ne mai kyau, don sinadarin PPD da ake zubawa a ciki in aka sha shi yana kumbura fuska da wuya ya narkar da tsoka ya kashe ƙoda, likitocin Sudan sun san shi sosai. Amma wannan cikin awoyi yake aikinsa da baƙin fitsari, ba ya ɗaukar wata biyu yana lallaɓowa, sai aka ajiye shi gefe.

An tura gwajin ƙwayoyin garkuwa na wannan cuta, su Mi-2 da MDA5 da TIF1-gamma da NXP2 da Jo-1, duk suka dawo babu. Wannan bai kore cutar ba don akwai masu ita na gaskiya da ba a samun komai a jininsu, amma ya kamata ya sa a ɗan dakata. An ɗan yanki fatar hannu, yanka na sama-sama, sakamakon ya ce kumburi ne kawai da bai nuna wata cuta takamaimai ba. Yankar tsoka, wadda ita ce za ta raba gardama, an rubuta za a yi amma takardar amincewar ta'amin, wato inshorar lafiya, ta yi jinkiri, kafin ta fito an fara magani ta samu sauƙi sai zancen ya bi ruwa. An kuma yi sikanin na ƙirji da ciki da mara don neman sankara, domin damatomayosaitis a babban mutum takan zo tare da kansar ƙwan mace ko huhu ko mama ko hanji musamman a shekaru ukun farko, ba a ga komai ba sai saifa da ta ɗan girma. Ba kaluluwa ko ɗaya, ba a wuya ba ba a hammata ba. Kai kuwa ba wanda ya ɗauki hotonsa.

Aka ɗora ta kan firednisolon, wani maganin sitiroyid, miligiram 60 kullum, daga baya aka ƙara metotirekzet, maganin danne garkuwa, sati-sati. Cikin sati biyu ido ya saɓe, zazzaɓi ya ɗauke, CK ya sauko, har ta koma karɓar kitso. Kowa ya ce alhamdulillahi an gano cuta. Nan ne tarkon yake. Sitiroyid ba kumburin garkuwa kaɗai yake kwantarwa ba, yana kashe ƙwayoyin limfoma, wato sankarar ƙwayoyin garkuwar jiki, su ma na ɗan lokaci, shi ya sa yake cikin kusan kowane haɗin maganinta. Don haka jin sauƙi da firednisolon ba shaida ba ce ta komai, mai damatomayosaitis zai ji sauƙi, mai limfoma ma zai ji.

Da aka fara rage maganin aka zo miligiram 20 sai komai ya dawo, ya dawo da gayya. Kwanciya ta biyu ita ce ta faɗo hannuna. Zazzaɓi 39 zuwa sama kullum ba fashi, jini ya yi ƙasa, fararen ƙwayoyin jini sun yi ƙasa, ƙwayoyin daskarar da jini su ma haka, gwajin hanta ya hau, LDH, sinadarin da ke hauhawa in ƙwayoyin jiki suna lalacewa, ya hau sosai. Sabon abu kuma, wasu ƙulluttai masu tauri a ƙarƙashin fatar cinya, ɗaya ya fashe ya zama gyambo mai baƙin ɓawo a tsakiya. Mutum yana kan maganin danne garkuwa ya zo da zazzaɓi dole ka fara neman ƙwayar cuta, kuma a Jidda ba ka tsallake zazzaɓin dengi don tun 1994 take garin nan, ga zazzaɓin Malta da ake ɗauka a ɗanyen nonon raƙumi da na akuya, ga tarin fuka, ga maleriya ko da ba ta yi tafiya ba, ga HIV da ciwon hanta. Duk muka bi, babu. Muka tsayar da metotirekzet ko shi ne ya danne ɓargo, muka sa manyan magungunan kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, kwana huɗu zazzaɓi ko gezau. Wasu abokan aiki suna ganin cutar ce ta yi tsanani a ƙara mata ƙarfin maganin danne garkuwa, kuma da an bi wannan hanyar ban san inda za mu kwana ba.

Yadda aka gano bakin zaren ba wata gwaninta ba ce tawa. Uwar Biyu Larabcinta ya fi nawa nesa ba kusa ba, ba ta buƙatar tafinta, kuma duk tambayar da aka yi mata ta amsa, sai dai ba wanda ya tambaye ta hanci. Kullum da takunkumi a fuskarta, ɗakin kuma kullum ƙamshin humra kamar ɗakin amarya, ni na ɗauka tsafta ce irin tamu. Ranar da dare ina duba ta sai na ji Inna ta yi ƙasa da murya ta ce da Hausa, ke ki faɗa mata zancen hancin nan mana. Ta ce haba Inna don Allah, wannan ai tsohon abu ne. Na ja kujera na zauna na ce Inna wane hanci? Sai da suka dubi juna, ashe duk kwanakin nan ba su tabbatar ni Bahaushiya ba ce, da Larabci muke ta fama.

Inna ta ce Daktora, yarinyar nan ta fi wata takwas hancinta na hagu a toshe, tana fyato wani abu mai wari da jini-jini, haɓo kuwa ba a magana, turaren nan da kike ji saboda shi ne, kunya take ji kar masu kitso su guje ta. Ita kuma ta ce tun ƙurar rusau take samun mura lokaci-lokaci ga sanyin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, shi ya sa ba ta ɗauke shi ciwo ba, kuma me ya haɗa hanci da ciwon cinya. Sannan ta ƙara da cewa kwana biyun nan in ta sha ruwa yana biyowa ta hanci. Na kunna fitilar waya na ce 'yar'uwa ɗaga kanki sama ki buɗe baki. A ganɗarta akwai miki mai toka-toka da ɗan rami a tsakiya. Kwana huɗu ina duba bakin nan ina neman farin fangas a harshe, ban taɓa ɗaga kanta na kalli sama ba, wannan kam laifina ne ba na kowa ba.

Washegari likitan hanci da maƙogwaro ya zura kyamara, ya samu ɓawo cike da hancin, naman ya ruɓe, bangon da ya raba ƙofofin hanci biyu ya huje. Ya yanko nama aka kai ɗakin gwaji, sakamako ya dawo wai mataccen nama ne kawai. Nan ma da an tsaya da an sake ɓata, amma likitar ɗakin gwajin da kanta ta kira ta ce a sake yankowa daga gefen mikin inda naman ke da rai, a yi zurfi, a haɗa da ƙullutun cinya har tsokar da ke ƙarƙashinsa. Dalili shi ne wannan nau'in sankarar ɗabi'arta ce ta kewaye ƙananan hanyoyin jini ta cinye bangonsu ta toshe su, naman da suke ciyarwa ya mutu, don haka tsakiyar mikin gawa ce zalla, ga sitiroyid da ya riga ya rage ƙwayoyin. Sau da yawa sai an yanka biyu ko uku ake kama ta.

A yanka na biyu aka gan su, baƙin ƙwayoyi sun yi wa hanyoyin jini zobe, a hanci da fata da kuma tsakanin zaren tsokar cinya. Rini ya nuna suna ɗauke da alamar CD56 da giranzayim B, sannan gwajin EBER, wanda ke nuna bairos ɗin Epstein-Barr a cikin ƙwayar kanta, ya kama kusan dukkansu. Sunan cutar limfomar ƙwayoyin NK/T ta wajen kaluluwa, nau'in hanci. Raunin tsokar da muka yi wata biyar muna kira na garkuwa, ƙwayoyin sankara ne suka shiga cikin tsokar suka zauna. Abin da aka sani na damatomayosaitis a tsoka, wato ƙanƙancewar zaren da ke gefen kowane dami, babu shi sam. Hoton PET, wanda ke nuna inda sankara ta bazu a jiki, ya haska hanci da ganɗa da fata da tsokar cinyoyi da kafaɗu, mataki na huɗu kenan.

A nan akwai bambancin da nake so ɗalibai su riƙe. Daban ne mutum ya kamu da damatomayosaitis ta gaskiya saboda akwai sankara ɓoye a wani wuri a jikinsa, wannan sananne ne kuma shi aka nema da sikanin ɗin farko. Daban ne kuma a ce babu damatomayosaitis ɗin ma gaba ɗaya, kansar ce ta sa rigarta. Na biyun ba shi da yawa, yawancin rahotanninsa daga gabashin Asiya suke, kuma kalmar limfoma kanta tana ruɗar mu don muna jiran mu taɓa kaluluwa, alhali wannan tun a sunanta an ce a waje take.

Shi bairos ɗin Epstein-Barr ba baƙo ba ne, fiye da kashi 90 cikin ɗari na manyan mutanen duniya suna ɗauke da shi, ta yawu ake ɗauka, mu a wajenmu tun muna yara muke samu ba tare da an ma san an yi ba, kuma in ya shiga ya zauna kenan har mutuwa. Tarihinsa ma daga Afirka ya faro: a 1958 Denis Burkitt, likitan tiyata a Yuganda, ya bayyana wata sankara da ke kumbura muƙamuƙin yara, irin wadda duk wanda ya yi aiki a asibitin yara a arewacin Najeriya ya gani, sannan a 1964 a Landan Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka hango bairos ɗin a cikin ƙwayoyin wannan sankarar. Mazauninsa na asali ƙwayoyin garkuwa nau'in B ne, can yake kwanciya shiru. A wasu 'yan tsiraru sai ya ɓata hanya ya shiga ƙwayoyin T ko NK, waɗanda aikinsu kisa ne, suna ɗauke da guba da suke fasa ƙwayar da ta lalace da ita, toh ka ga in irin waɗannan suka zama sankara dole su yi ɓarna a duk inda suka sauka. An fi ganin haka a Japan da Koriya da Sin da kuma 'yan asalin Meziko da Peru da Gwatamala, amma ba a can kaɗai take ba, ga ta a kan gadonmu. Gwajin jini na ko mutum ya taɓa haɗuwa da bairos ɗin ba shi da amfani a nan tunda ni da ku duk zai nuna muna da shi. Abin da ke magana shi ne EBER a cikin naman, da kuma ƙirga yawan bairos ɗin a ruwan jini da gwajin PCR, nata ya yi sama sosai.

Mun kuma auna wani bairos ɗin daban, HTLV-1, saboda asalinta na Afirka ta Yamma, inda yake da yawa kamar kudancin Japan da tsibiran Karibiyan. Shi wannan ta nonon uwa da jima'i da ƙarin jini yake bi, yana iya kawo kumburin tsoka na gaske, yana kuma iya kawo wata limfomar ta ƙwayoyin T mai fitowa a fata bayan shekaru masu yawa, an fara bayyana ta a Japan a 1977 aka gano bairos ɗin a Amurka a 1980. Nata babu. Wani ya tambaya ko metotirekzet ɗin da aka ba ta ne ya jawo, tunda an san yana iya buɗe wa Epstein-Barr ƙofa, amma hancin ya riga maganin da watanni, kuma waɗancan yawanci na ƙwayoyin B ne.

Faɗuwar jinin kuma ta samu bayani. Feritin ɗinta, sinadarin da ke hauhawa in kumburi ya tsananta, ya kai dubbai, kitsen jini ya hau, fibirinojin mai taimakawa jini ya daskare ya faɗi, saifa ta ƙara girma, da aka ɗebo ɓargo aka ga manyan ƙwayoyin garkuwa suna haɗiye 'yan'uwansu ƙwayoyin jini. HLH kenan, garkuwa ta haukace ta kasa tsayawa, ana buƙatar sharuɗɗa 5 cikin 8 ita ta cika shida. Wannan shi ke kisa cikin kwanaki tun kafin sankarar ta gama nata aikin, don haka likitocin jini ba su jira ba, a daren suka fara dekzametason da etofosayid.

Ni aka bar wa faɗa musu. Inna ta yi shiru ta ce Daktora daji ne ko? Na ce eh Inna, daji ne. Ta yi salati, sannan tambayarta ta farko ba ta kanta ba ce ba ta kuɗi ba, cewa ta yi 'yan biyun fa, kofi ɗaya suke sha da uwarsu. Na ce kar a raba musu kofi kar a raba musu shimfiɗa, bairos ɗin wataƙila sun daɗe da shi kamar kowa, sankarar kuma ba a ɗaukarta. Sai da na maimaita wa mijin wannan har sau biyu don na ga alamar dangi sun fara ja da baya.

Maganinta ba irin na sauran limfoma ba ne. Haɗin CHOP da aka saba ba ya cin wannan, don ƙwayoyin suna da wani famfo a jikinsu, P-gilaikofurotin, da ke fitar da maganin waje kafin ya yi aiki. Abin da ke kama su shi ne asfarajines, wanda ke ƙarar da wani sinadarin abinci a jini, asfarajin, da su ba sa iya haɗa isasshe da kansu, sai yunwa ta kashe su. Da a hanci kaɗai take da gashi da na'ura ne babban makami kuma da yawa suna warkewa, wannan ne abin da ke ci mini rai in na tuna wata takwas ɗin nan. Tunda ta bazu sai kemo mai asfarajines a ciki. Zagaye na farko ya wahalar da ita, sukari ya hau, hanta ta yi ƙorafi, sai da aka yi ta ƙarin jini da na fibirinojin, muna ta sa ido kan ciwon ciki saboda maganin yana iya kumbura fankiriyas.

Yanzu ta gama zagaye na uku. Zazzaɓi ya tafi tun sati na biyu, gyambon cinya ya rufe ya bar tabo, CK ya dawo daidai ba tare da an ƙara ko ƙwaya ɗaya ta maganin tsoka ba, adadin bairos a jini ya faɗi ƙasa sosai amma bai kai ga ɓacewa ba tukuna, kuma likitocin jini ba su ɓoye mata cewa irin nata yana yawan dawowa ba. Suna maganar dashen ɓargo in hoton PET na gaba ya yi kyau, an ɗebi jinin ƙannenta biyu don a ga ko akwai wanda ya dace, sai dai ta'amin ɗin mijin ba zai ɗauki wannan ba, ana ta bin takardu da ƙungiyoyin agaji. Ramin ganɗar bai rufe ba, likitan haƙori ya yi mata wani ɗan faranti na roba da take maƙalawa, da shi take shan kunu ba ya biyowa ta hanci. Zuwanta na ƙarshe ta taho da 'yan biyun, ɗaya an yi mata shuku ɗayar kanta a tsefe, ta ce nan hannun ya tsaya jiya, gobe za ta ƙarasa. PET ɗin an sa mata shi sati biyu masu zuwa.